Yadda Barci Ya Tsaya a Babban Yatsan Nomau

Ku matso, ku goge majina, ku ji dalilin da ya sa ƙaninku ke sharar barci a goye, amma da an sauke shi kan tabarma sai ya buɗe ido tar.

A can da, yara ƙanana ba sa barci. Barci wani halitta ne mai tsananin kunya, yana zaune a inuwar tsamiya, ba ya zuwa inda ake kallonsa. Manya sukan rufe ido su ba shi hanya. Yara kuwa, kun san halinku, sai ku ƙura masa ido.

Ana nan aka kai wani yaro, Nomau, yaye gidan kakarsa Tasalla. Ba nono, ba barci. Kwana bakwai yana kuka, ya ture kunu, wuyansa ya koma kamar sillen kara. Tasalla ta ga jikanta zai tafi a hannunta.

Da rana tsaka ta saɓe shi ta nufi tsamiya, ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, ga angona zai mutu ya bar ni. Ko kayan miya bai taɓa saya mini ba."

Wata murya mai sanyi ta fito daga ganye. "Iya, angon naki ya cika kallo."

"In na ɗaure fuskarsa a bayana fa?"

Muryar ta ce, "To zan zo ta baya. Daga ka nake shiga, in sauka a hankali. Kada ki kwance shi sai na kai tafin ƙafa."

Tasalla ta goya shi, ta ja majanyi tamau, tana jijjiga. Iska ta tsaya. Kurciyoyi suka yi tsit. Kukan ya koma ajiyar zuciya, kan yaron ya langaɓe, ta ji nauyinsa ya ninku, ɗumi na gangarowa a gadon bayanta.

To, duk duniya ba wanda ya taɓa ganin yaro yana barci, ita kuma Tasalla ba a ba ta labari. Ta lallaɓa ta kwance, ta shimfiɗe shi. Ga baki a buɗe, ga hannu a dunƙule, fuskar nan luf kamar madarar da ta kwanta a ƙwarya. Ta ce, "Tubarkalla!"

Ashe saura babban yatsan ƙafa. Barci ya ga ido, ya zabura ya haye tsamiya. Nomau ya callara ihu.

Ta sake goya shi tana ba da haƙuri. Barci ya dawo, yaro ya kwana biyu a baya, ya tashi ya shanye kunu. Amma Barci ya rantse ba zai ƙara amincewa da tabarma ba.

Shi ya sa har gobe za ku ga uwa tana sauke goyo ta ɗauke numfashi, tana sanɗa kamar ɓarauniya a ɗakinta, yaro kuma ya bari sai ta kai ƙofa ya callara ihu.