Keken Da Ya Dungura Ana Gobe Sallah

Wallahi na san ba za ku yarda ba, amma ku karanta har ƙarshe.

Akwai wani matashi a unguwar Hashimi mai suna Bamalli. Bai gama sakandare ba, amma a wayo duk Suleja babu na biyunsa. Shi da abokansa biyu suka ɗauki wani gem na tuƙin mota a kwamfuta, suka ce sai sun saka keke napep a ciki. Muhsina ke zana keken, Oluwatobi ke rubuta kod ɗin da zai sa ya yi tafiya.

Oga Jide mai shagon gem ya ba su kwamfuta da wuta kyauta, bisa sharaɗi: ranar Sallah kwastomominsa su tuƙa keken, ko kuma su bar masa shago. Cikinsu babu mai kwamfuta a gida.

Muhsina da safe take zuwa, Tobi da yamma. Bamalli ne ɗan aike.

Gem ɗin ƙafa huɗu kawai ya sani. Sai Tobi ya ce wa Bamalli, "Gaya mata ta yi ƙafar gaba guda biyu a manne, yadda ido zai ga ɗaya."

Bamalli ya je wurin Muhsina ya ce, "Wai kekenki kamar baro."

"Baro? Ya zo ya zana mana!"

Ya dawo wa Tobi da cewa, "Wai kod ɗinka kwafowa ka yi." Suka daina ko gaisawa, shi kuwa yana gefe yana shan dariya.

Ana gobe Sallah aka gwada. Keke ya fito fes. Ana taka shi ya dungura da hanci, ya tashi sama yana juyi kamar fanka.

Oga Jide ya ce, "Gobe ne fa. Abeg, ba na son labari."

Muhsina ta fashe da kuka, aikin watanni ya tafi. Tobi ya dafe kai. "Ai na ce ki yi ƙafar gaba biyu!"

"Yaushe? Ni baro ka aiko min!"

Suka juyo tare. Bamalli na lallaɓawa bakin ƙofa Oga Jide ya damƙi wuyan rigarsa.

Nan Muhsina da Tobi suka jawo kujeru gaban kwamfuta ɗaya. Tana matsa ƙafa, yana gwadawa. "Ƙara kaɗan, Muhsina." Kafin magariba keke ya miƙe tsaf.

Sai hukunci. Muhsina ta liƙa fuskar Bamalli a jikin akuya mai tsallaka titi a cikin gem ɗin, Tobi ya sa tana ihu duk sanda aka buge ta. Ranar Sallah babu yaron da ya ɗauki fasinja, kowa akuya yake bi.

Masu turo min saƙo wai akuyar ta yi kama da ni, ku ji tsoron Allah.

Darasi: In aikinka ba ya tafiya sai da na wani, ku zauna ku yi magana baki da baki, kada ku dogara da ɗan aike. Ku tura wa abokan aikinku, amma banda hoton akuyar.