Sunan da Maliki Ya Tsallake a Rediyo

Akwai wani malamin firamare a Illela mai suna Maliki, wanda ya yi tashe a farkon shekarun 1980. Motsa jiki yake koya wa yara, amma da rawa aka fi saninsa. Dogo ne marar jiki, idan ya juya a fili sai ka rantse ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Amininsa Lawwali ɗan gidan 'yan kasuwa ne, yana kai albasa Ƙwanni, tsallaken iyakar Nijar, ya dawo da atamfa. Shi kam bai iya rawa ba ko kaɗan. Abin da Allah ya ba shi ido ne. Zai tsaya a kasuwar Lahadi yana kallon yadda 'yan dako ke miƙa wa juna buhu, ko yadda manomin rani ke sunkuyawa ya ɗebo ruwa ya miƙe, sai ya zo ya ce wa Maliki akwai rawa a ciki.

A 1982 suka tara samari goma sha biyu da wani makaɗin kalangu, Idi, suka kafa ƙungiya. Bayan la'asar suke haɗuwa a filin makaranta. Lawwali ne ke cewa wane ya tsaya nan, wane ya ratsa ta can, a ƙirga takwas a juya. Maliki kuma shi ke ɗaukar abin da Lawwali ya faɗa da baki ya mayar da shi motsi, har sauran su gani su kwaikwaya.

Da farko dattawa sun ce wannan ba rawar da suka gada ba ce. Amma ranar da manoman Gidan Katta suka ga rawar ban-ruwa, suka gane aikinsu ne ake yi a fili, dariya suka yi har da hawaye, suka roƙa a maimaita. Daga nan aka fara kiransu bukukuwa har Lafani da Gwadabawa.

A 1985 aka zaɓe su su wakilci yankinsu a gasar raye-raye ta jiha. An kuma ce wanda ya tsara rawar da ta yi fice za a ɗauke shi aiki a Sakkwato. Wani ɗan jarida ya zo da rikoda, ya sami Maliki shi kaɗai a makaranta, ya tambaye shi wa ke ƙirƙiro waɗannan raye-raye.

Maliki ya ce shi ne. Ya ce a kansa suke zuwa.

Lawwali yana rumfar babansa aka sa hirar a rediyo. Ya saurara har ƙarshe ko zai ji sunansa, bai ji ba. Bai je ya yi faɗa ba, bai kai ƙara wurin kowa ba. Lokacin an rufe iyaka, fatauci ya tsaya, sai ya tattara ya koma Amarawa wurin kawunsa yana taya shi noman albasa.

Maliki ya gaya wa samarin cewa Lawwali aiki ne ya yi masa yawa. Ya fara tsara sabuwar rawar gasa shi kaɗai. Idan ya nuna motsi, kyakkyawa ne. Amma da an haɗa mutum goma sha biyu sai a rikice, wannan ya bangaji wancan, layi ya karye, kiɗa ya wuce su. Mako uku ana haka, har samari biyu suka daina zuwa.

Wata rana Idi ya sauke kalangunsa daga kafaɗa, ya jira kowa ya watse, ya ce, "Malam, na girme ka, shi ya sa zan faɗa maka. Kai ka iya rawa, Lawwali ya iya mutane. Kuma duk garin nan an ji abin da ka ce a rediyo."

A gida ma matarsa Raliya ba ta ɓoye masa ba. Ta ce tun ranar da aka sa hirar ba ta iya haɗa ido da matar Lawwali a gidan suna.

Saura kwana tara gasa Maliki ya hau kekensa ya nufi Amarawa. Ya tarar da Lawwali a fadama, wando a naɗe, taɓo har gwiwa. Suka gaisa kamar baƙi.

"Mi ya kawo ka, Malam?" in ji Lawwali.

"Ƙarya na yi, Lawwali. An tambaye ni, na san gaskiya, na ga aikin Sakkwato a gabana, na haɗiye sunanka. Ko ba ka dawo ba, ka yafe mani."

Lawwali ya fito daga cikin taɓon. Ya ce abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kwana uku bai ci abincin kirki ba. Sai kuma ya yi wata gajeriyar dariya, ya ce shi ma yana da abin faɗa. Ashe da ya zo Amarawa ya tara samarin ƙauyen da niyyar ya kafa tasa ƙungiya, ya nuna wa Maliki iyakarsa. Ya yi ta bayani da baki, yara suna kallonsa. Da ya tashi ya gwada musu da jikinsa, sai da wani ya faɗi ƙasa don dariya.

"Rawar tana nan cikin kaina," ya ce, "amma ba ta da ƙafa. Ɗauko kekenka mu tafi."

Kwana takwas suka yi suna aiki safe da yamma. Samarin nan biyu suka dawo. Rawar da suka haɗa ta masu dashen albasa ce, ana farawa a tsugune, a tashi ɗaya bayan ɗaya har fili ya cika.

A Sakkwato, kafin a buga kalangu, mai gabatarwa ya kira sunan Maliki a matsayin wanda ya tsara. Maliki ya roƙi a ba shi lasifika. Gaban alƙalai da jama'a ya ce akwai gyara, shi ne ya yi kuskuren tun farko: su biyu ne, kuma ga wanda rawar ke fara zuwa a kansa can a gefe. Ya tsaya har sai da Lawwali ya fito fili, yana ta jin kunya.

Na biyu suka zo. Duk da haka, bayan wata guda takardar aiki ta iso da sunan Maliki. Ya rubuta amsa cikin ladabi, ya yi godiya, ya ce rabin ma'aikaci za su samu idan ya zo shi kaɗai. Mutane suka ce ya yi wauta, har babansa sai da ya kira shi ya yi masa faɗa.

Ya ci gaba da koyarwarsa. Wata bakwai shiru. Ana cikin damina aka aiko wata takardar, wannan karon da sunaye biyu, aka ba su aikin zagaya makarantu suna horar da malamai da ɗalibai. Har ƙarshen shekarun tamanin tare suke yawo a kan babur ɗaya, Maliki na tuƙi, Lawwali a baya yana taɓa kafaɗarsa duk inda ya hango mutane suna aiki, yana cewa ya tsaya su kalla.

Darasi: Duk abin da kuka gina ku biyu, kada ka tsaya gaban mutane ka ce kai kaɗai ne. Idan kuma son zuciya ya riga ya ja ka, ka koma ka nemi gafara, ka gyara a bainar jama'a kamar yadda ka ɓata a bainar jama'a. Wanda aka zo wa da tuba shi ma ya sassauta. Ku tura wa abokan aikinku wannan labari, musamman wanda kuka san ba a cika ambaton sunansa ba.