Ranar Da Maharazu Ya Ƙi Sauka Daga Keke

Akwai wani mutum a Jibiya mai suna Maharazu, a shekarun nan da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasa, kowa yana jin kansa a sama. Asalinsa ɗan wata 'yar tunga ne a bayan Riko, inda ya bar mahaifiyarsa Inna Tsahara da ƙanensa Ummaru suna noma.

Ya daɗe yana dako a bakin iyaka, yana sauke buhunan gero daga motocin Maraɗi, kafin Allah ya ba shi aikin masinja a wani ofis. Da aka yi ƙarin albashi sai ya sayi keke sabo dal, baƙi, mai gidan sarƙa da madubi biyu da ƙararrawa mai zaƙin murya. Tun daga ranar kan Maharazu ya kumbura.

Duk mako yakan hau ya je gaida Inna. Hanyar kuwa hawa da gangara ce, ta ratsa gonaki da ƙauyuka. Masu keke na wannan hanya suna da al'ada: in ka iso gari ka ga mutane a zaune, sai ka sauka, ka ja keken da hannu, ka yi sallama. A nan za a ba ka ruwa, a nan kuma za a gaya maka halin da gaba take ciki. Da rani hanya takan yanke ta cikin gonaki, amma da zarar an yi shuka sai manoma su toshe ta da ƙaya, kowa ya koma zagaye.

A mararrabar da ke gaban Riko akwai wani tsoho, Bubakar, mutumin Maraɗi, mai facin keke a gindin tsamiya. Duk labarin hanya a wurinsa yake kwana. Lokacin da Maharazu yake tafiya a ƙasa, sau da yawa a inuwar nan yake hutawa, ya sha ruwan randar tsohon.

Amma yanzu ina! Sai dai ya kaɗa ƙararrawa ya wuce, ko hannu ba ya ɗagawa.

Wata rana Inna Tsahara ta zaunar da shi ta ce, "Maharazu, an ce mani ba ka sauka in ka iso ga mutane. Mi ya same ka?"

Ya yi dariya. "Inna, ni ma'aikaci ne yanzu. In na ce sai na sauka a kowane gari, yaushe zan iso? Famfo gare ni, kayan faci gare ni. Mi Bubakar zai yi mani?"

Ta ce, "Ɗana, ka riƙa sauka. Ba ya rage ka da komi."

Ya ce to, irin to ɗin da ake cewa don a rabu lafiya.

Farkon damina, aiki ya riƙe shi mako uku bai je gida ba. Ran nan da hantsi yana ƙofar ofis, sai ga maƙwabcinsu Idi ya iso a ƙasa, ƙafafunsa duk laka.

Idi ya ce, "Maharazu, kububuwa ta sari Inna a gona shekaranjiya. An yi na gida an gaji. Tun jiya jini ke fita ta dasashinta."

Maharazu ya fizgo keke. Idi ya biyo shi yana cewa, "Tsaya ka ji, ita hanyar..."

"Ni za ka gaya ma hanyar gidanmu?" Ya taka ya bar shi nan.

Ya je ɗakin shan magani ya sami malamin asibiti, Malam Lawal, ya yi ta roƙonsa har da hawaye. Malam Lawal ya ɗauki allurar maciji ya sa a akwati, ya ce, "In muka isa kafin la'asar, da yardar Allah akwai rabo. In muka wuce haka, ban yi maka alkawari ba."

Ya hau bayan keken, suka kama hanya. Maharazu ya taka kamar ransa zai fita. Suka wuce Riko rana na tsaka, mutane na bin su da kallo.

Da suka doshi mararraba, sai ga Bubakar tsaye a tsakiyar hanya, ba a gindin tsamiyarsa ba. Yana ɗaga hannu biyu yana kira, "Maharazu! Maharazu, tsaya!"

Malam Lawal ya ce, "Kai, dattijon nan kiranka yake."

Maharazu ya ce, "Rabu da shi, Malam. Gaisuwa yake nema. Yau ba ranar gaisuwa ba ce."

Ya kaɗa ƙararrawa, ya kauce wa tsohon, ya karya dama ya ɗauki hanyar yanke, wadda ya saba bi tun rani. Muryar Bubakar ta bi su har ta ɓace.

Hanyar gangara ce mai tsawo, gero ya fara tasowa dama da hagu. Keken ya ɗauki gudu da nauyin mutum biyu. A can ƙasa, daidai kwana, sai ga shingen ƙaya ya tare hanya ɗungurungum, tsayinsa ya kai ƙugu. Maharazu ya damƙe birki, amma ƙasar jiƙe take. Suka afka ciki.

Da Maharazu ya miƙe, jikinsa duk ƙaya, abin da ya fara dubawa akwatin ne. Allura ba ta fashe ba. Amma tayoyin biyu sun sace, ƙaya ta huda su ba adadi, ta gaba kuma ta lanƙwashe. Malam Lawal ya yi targaɗe, ba ya iya taka ƙafar dama. Bayan shingen ma ba hanya, ruwa ya cinye ta ya bar kwazazzabo.

Maharazu ya dubi famfonsa da kayan facinsa, ya ga ba su da amfanin komai. Ya goya Malam Lawal a baya, ya bar keken nan, ya fara hawan tudun da suka sauko. Gangarar da suka yi cikin ƙiftawar ido sai da ta ci masu fiye da awa guda.

A rabin tudu suka haɗu da Bubakar yana saukowa, yana jan tsohon kekensa mai tsatsa. Bai yi masa gori ba, ko kallon banza bai yi masa ba.

Ya miƙa masa keken ya ce, "Ungo. Ku koma mararraba ku bi ta hagu, ta tudu. Da nisa, amma lafiya lau take. Yi maza, ɗana."

Suka hau, suka bi zagaye. Suna kan hanya suka ji kiran la'asar daga wani ƙauye.

Rana ta yi sanyi suka isa. Tun daga nesa Maharazu ya hango maza zaune a ƙofar gidansu a kan tabarmi. Ummaru ya taso ya riƙe masa keken, idanunsa jawur.

Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Ba a daɗe ba. Tun azahar take cewa a yi shiru, ko za ta ji ƙararrawarka."

Maharazu ya zube a ƙasa. Malam Lawal yana tsaye da ƙafa ɗaya, riƙe da akwatin allurar da ba a yi amfani da ita ba.

Bayan sadakar uku Maharazu ya mayar wa Bubakar kekensa. Bai hau ba, da hannu ya ja shi tun daga gida. Ya tarar da nasa a jingine jikin tsamiya, tsohon ya je ya ɗauko, ya miƙe tayar, ya yi facin duka.

Maharazu ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mani. Na zaci gaisuwa kake nema."

Bubakar ya girgiza kai. "Mi zan yi da gaisuwarka? Idi ya sauka nan da sassafe ya faɗa mani halin da ake ciki. Na san kana tahe, na kuma san ta yanke za ka bi. Tun hantsi na aje aikina na tsaya cikin rana ina jiranka, don in ce maka ka bi hagu. Shi ke nan abin da zan ce."

Maharazu ya kifa kai a ƙasa ya yi kuka kamar yaro. Kwanan Inna ne ya ƙare, wannan babu shakka, amma har ya tsufa bai daina tambayar kansa ba, ko da ya tsaya ranar da sun same ta da rai. Ya cire ƙararrawar ya jefa a rijiya. Duk garin da ya isa sai ya sauka ya yi sallama, mutane suna yaba ladabinsa, shi kuwa ba ya tanka masu.

Darasi: Kada abin hannunka ya sa ka raina mutanen da kake wucewa a hanya. Wanda kake ganin gaisuwarka yake nema, wataƙila saboda kai ya tsaya a rana. Ka saurari mutum kafin ka yanke masa hukunci, domin akwai nadamar da ba ta gyaruwa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai su ma su karanta. Allah ya raba mu da girman kai, ya jiƙan iyayenmu.