Tsofaffin Tumakin Idwal

Akwai wani dattijo mai suna Idwal, makiyayin tumaki a tudun arewacin Wales ta ƙasar Birtaniya, can sama inda itatuwa suke ƙarewa, sai gajeriyar ciyawa mai kaushi da taɓo da iska. Gidansa na dutse ne, yana kallon wani tafki mai baƙin ruwa kamar shayin da aka manta a kan wuta. Na san gidan ciki da waje, domin ina cikin masu jinyar gida-gida da suka riƙa zuwa duba shi bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki.

Gidaje biyar ne suke kiwo a kan tudun, kuma babu shinge ko ɗaya a tsakaninsu. Kowane garke ya san wurinsa. Tunkiya takan hau da 'yarta a watan Mayu, ta nuna mata inda ake ci, inda taɓo yake haɗiye ƙafa, da dutsen da ake fakewa idan iska ta juyo daga gabas. 'Yar ta girma ta nuna wa tata. Rabon mutum a tudun shi ne iya inda tumakinsa suka sani. In suka bar wuri, na maƙwabta su matso su cike shi, kuma babu takardar da za ta tashe su.

Rabon Idwal ya fi na kowa. Ya tashi daga bakin tafki zuwa gindin duwatsu, ya tsallake rafi ya haɗa da wani gangare mai fuskantar rana, inda ciyawa take fara tsirowa kafin ko'ina. Tun zamanin kakan kakansa tumakin gidan suke riƙe da shi.

Da ciwo ya zaunar da shi, ɗansa Gethin ya dawo ya karɓi kiwon. Shekara goma sha biyu ya yi yana aiki a manyan gonakin kwari, inda komai yake cikin shinge. Ba malalaci ba ne, ba kuma mugu ba. Ya san abubuwa da yawa, kuma ya san ya sani, to a nan matsalar take.

Ranar da aka fara sauko da garken a gabansa, ya tsaya yana kallonsu yana girgiza kai. Ƙanana ne, masu siraran ƙafafu da gashi mai kaushi.

"Baba, waɗannan tumaki ne ko zomaye? In aka aske gashin me ya rage?"

Ya sanar cewa zai kai su gwanjo duka, uwa da 'ya, ya sayo manya irin na kwari. Harshen Idwal ya yi nauyi, magana sai da ƙyar. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa kafin ya iya cewa, "Bar uwayen." Gethin ya gyara masa bargo ya ce ya huta, kada ya sa damuwa a ransa.

Maƙwabciyarsu Nesta, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da garke, ta haura saba'in amma har lokacin ita take hawa tudu da kanta. Ta zo da miyar rago da dankali, ta ajiye tukunyar, ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

"Ɗan nan, na ji wai duka za ka sayar."

"Duka, Gwaggo."

"Ka sayar da kujerun gidan mana, ko agogon uwarka. Wannan duk ana sayo wani. Waɗanda za ka kawo, wa zai nuna musu tudun?"

Gethin ya yi dariya. "Ciyawa ce fa, Gwaggo. Tunkiya in ta ga ciyawa ba ta tambayar hanya. Ku dai kun saba ne, sabo kuwa turken wawa."

Nesta ta ɗauki murfin tukunyarta ta tafi, ta bar masa tukunyar a buɗe.

A watan Oktoba aka yi gwanjon. Tumaki ɗari huɗu da 'yan kai suka watse cikin manyan motoci, wasu kudu, wasu mahauta. Can ƙarshe aka shigo da tsofaffi tara da haƙoransu suka cinye, babu wanda ya ɗaga hannu sai Nesta. Meurig, maƙwabcinsu na gabas, ya leƙo ya tambaye ta ko gidan kula da tsofaffi ta buɗe.

"Na buɗe," in ji ta. "Saura gado ɗaya, na ajiye maka."

Sababbin tumakin suka iso, ɗari uku, farare ƙosassu masu faɗin baya. Gaskiya sun yi kyau, har mutane suka riƙa tsayar da mota suna kallo. Aka buɗe musu ƙofar da ake fita daga gona zuwa tudu.

Wasu suka tsaya a bakin ƙofar suna kuka kwana da kwanaki. Wasu suka miƙe har titin kwalta. A watan farko goma sha ɗaya suka faɗa taɓo, domin a wurin nan inda ya fi kore shi ya fi zurfi, kuma babu wanda ya taɓa gaya musu. Kullum wayar Gethin tana ƙara, wannan ya ce zo ka kwashi tumakinka, wancan ya ce ga ashirin a bayan gidana.

Su kuwa tsofaffin nan tara, kwana biyu suka yi a wurin Nesta. Rana ta uku suka zagaye tafkin a layi, suka koma inda aka haife su. Har wasu daga cikin sababbin suka fara bin bayansu.

Mai hankali da ya gode wa Allah ya yi shiru. Gethin ya sa musu karnuka. Suka dawo. Ya sake kora, suka sake dawowa. Karo na uku ya loda su a tirela ya kai su ƙofar Nesta, ya ce ciyawarsa ba ta sadaka ba ce, ta kulle kayanta ko ya kai ƙara gaban taron makiyaya. Ni a ganina ba ciyawar ce ta dame shi ba. Duk lokacin da ya gan su tsaye inda ya kamata, nasa kuma suna gararamba kamar baƙi a tasha, ji yake da shi suke.

Nesta ta kulle su a ɗakin dabbobi, tana ba su busasshiyar ciyawa duk tsawon hunturu.

Ƙarshen watan Maris kowa ya ɗauka sanyi ya wuce. Tsuntsayen nan masu dogon baki lanƙwasasshe sun dawo daga bakin teku, suna ta kukansu mai kama da sarewa a kan taɓo. Sai wata safiya suka yi tsit. Makwarwar tudu ta sauko har kusa da gidaje, zalɓen da yake tsayuwa a bakin tafki ya ɓace. Rediyo ya ce gobe dusar ƙanƙara mai yawa tana tafe da iskar gabas.

Kowa ya hau ya sauko da garkensa. Aikin rabin yini ne, tunda kowa ya san inda zai samu tumakinsa. Gethin ma ya hau da babur mai ƙafa huɗu da karnuka biyu. Amma ina zai nufa? Nasa suna ko'ina. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da tsakar rana Nesta ta tare shi a ƙofar tudu. Ta ce tun asuba tsofaffin suke dukan ƙofa da kai. Ya bari ta sake su, za su nufi mafaka kai tsaye, duk wadda ta gan su za ta bi.

"Na gode, Gwaggo. Zan ji da kayana."

Kafin duhu ya shiga, casa'in da 'yan kai ya samu.

Dusar ta fara da sassafe, ta yi kwana biyu ba ta tsaya ba. Tunkiyar da ba ta san wuri ba takan juya wa iska baya ne ta yi ta tafiya har sai wani abu ya tare ta. Abin da ya tare su shi ne tafkin. Suka taru a ƙarƙashin gaɓa, iska ta yi ta zuba musu dusar ƙanƙara har ta shafe su.

Rana ta uku maƙwabta duka suka fito da shebur da dogayen sanduna, har da waɗanda Gethin ya yi wa rashin kunya. Babu wanda ya ce da ma mun faɗa. Manyan baƙaƙen hankaki ne suka nuna musu wurin, suna shawagi a kan gaɓar. Aka tono ashirin da uku da rai. Sauran, ɗari da saba'in da wani abu, sai gawa, kuma kusan duka da ciki.

Ina gidan a ranar. Idwal yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, yana kallon tirela tana zuwa tana komawa da gawarwakin. Na kawo masa shayi da burodi, ko kallonsu bai yi ba. Na daɗe ina aikin jinya, na ga baƙin ciki iri-iri, amma hawayen dattijon nan da suke zuba babu sauti har yau suna damuna.

Bayan mako guda Gethin ya shigo da taswira. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya durƙusa kusa da kujerar ya shimfiɗa ta a cinyar mahaifinsa.

"Baba, ka nuna min. Ina iyakarmu take? Ina suke fakewa in iska ta juya? Zan riƙa hawa kullum ina tsare waɗanda suka rage har su saba."

Idwal ya daɗe yana kallon takardar. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kai, ya ɗan zagaya da yatsa, ya janye.

"Ban sani ba," ya ce a hankali. "Ban taɓa sani duka ba. Su nake bi."

Shekara sittin yana hawa tudun nan. Gethin ya kifa kansa a kan taswirar, ni kuma na fita na ja musu ƙofa.

Idwal bai kai ƙarshen Afrilu ba. Kwana uku bayan an binne shi a harabar cocin ƙauyen, Nesta ta zo da tirela. Tsofaffin tara suna ciki, sun haihu a ɗakin da aka kulle su, 'ya'ya bakwai, biyar mata.

Gethin ya fara magana, yana neman ta yafe masa. Ta ɗaga masa hannu.

"Wannan maganar ubanka ya kamata ya ji ta, kuma ka makara. Ba kai na kawo wa ba, wurinsu na dawo da su. Kada ka sa musu kare. Kada ka shiga gabansu. Ka bi bayansu, ka rufe bakinka. Buɗe ƙofar."

Ya buɗe. Ko kallonsa ba su yi ba. Suka hau a layi, 'ya'yan na tsalle a gefensu, shi kuma yana biye da sandar mahaifinsa. Ya ga inda suka kauce wa wani koren fili da shi da kansa zai taka. Ya ga wani kwarmi a bayan duwatsu da bai taɓa sanin akwai shi ba. Biyar suka tsaya a bakin tafki, huɗu suka wuce gindin duwatsu.

Ko ɗaya ba ta tsallake rafi ba.

Ya jira mako biyu. Ya gwada lallaɓa su zuwa gangaren, suna kaiwa bakin ruwa sai su juyo. Ya je ya tambayi Nesta. Ta ce cikin taran babu wadda aka haifa a can. Tumakin gangaren duka sun tafi a motar farko ranar gwanjo, kuma ba ta da halin sayensu.

Kafin ƙarshen wannan shekarar tumakin Meurig suka fara leƙa gangaren. Ba shi ya kora su ba. Ciyawa suka gani babu mai ita. Shekara ta zagayo suka hau da 'ya'yansu, suka nuna musu.

Shekara uku Gethin ya yi yana hawa tudun kullum, cikin ruwa da hazo, yana haɗa sauran nasa da tsofaffin har suka zauna. Yanzu shekara takwas ke nan. Tsofaffin duk sun mutu, Nesta ma ta bi su. Garkensa ya kai ɗari da arba'in, ƙanana masu siraran ƙafafu, suna riƙe da bakin tafki da gindin duwatsu. Ya yi furfura, maganarsa ta ragu.

Bara, a taron makiyaya, Meurig ya miƙe ya ce abin yana ci masa rai. Kowa ya san gangaren na gidan Idwal ne. In Gethin yana so, zai janye tumakinsa, ko da zai ɗauke shi shekaru.

Gethin ya gode masa.

"Bar su, Meurig. In ka janye su wa zai zauna a can? Nawa ba su san wurin ba."

Darasi: Ba duk ilimi ne yake cikin takarda ba, wani yana jikin tsofaffin da muke ganin sun gama amfani. Kafin ka rushe abin da ka tarar, tambayi dalilin da ya sa aka bar shi haka, tun masu amsar suna raye. Nadama tana iya gyara hali, amma ba komai take dawowa da shi ba. Ka tura wannan labarin ga wanda ya gaji wani abu kuma yake gaggawar canza shi, wataƙila ya tsaya ya yi tambaya tukuna.