Gilashin Malam Sabi'u Mai Hoto

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ake wanke hoto a ɗakin duhu, ana ce masa Malam Sabi'u. Bawan Allah ne, ba ruwansa da hayaniya. Ku saurara, jama'a. Ku na baya, a bar hirar nan haka!

Ga yadda aikinsa yake. A shimfiɗa fim a kan takarda cikin wani ɗan katako mai kama da allo, a danne da gilashi, a haska fitila. Duk aibin da ke jikin gilashin nan, a fuskar mutum zai fito.

Ran nan sai ga wata tsohuwa, Goggo Tasalla, da fim ɗaya tak ƙulle a tsumma. Ta ce, "Ɗan nan, na ɗana Isuhu ne, shekararsa shida da rasuwa. Hoton kuwa, ruwa ya cinye shi. Ga yanar ido tana rufe mini gani. So nake in ga fuskarsa kafin in daina gani."

Ya ce, "Goggo, da yardar Allah za ki gan shi."

To, Allah da ikonsa, a ranar gilashinsa ya suɓuce ya tsage biyu. Ya nufi wurin Ɗanjummai mai yankan gilashi, ya ba shi labarin tsohuwar. Aka miƙo masa na taga. Ya ɗora shi a kan jarida, ya ga rubutu yana karkacewa. Ya ajiye. Aka kawo wani, ya ɗaga shi a rana, ga ƙarce siriri kamar gashi. Ya ajiye. Wani kuma ba kauri, ba zai danne fim ya kwanta ba. Ya ajiye.

Ɗanjummai ya fusata, ya ce, "Haba Malam Sabi'u! Surukarka ce za ta duba? Tsohuwar da ba ta bambance akuya da tunkiya, ina za ta ga ƙarce?"

Malam ya ce, "Ai shi ya sa. Mai ido zai dawo ya ce in sake masa. Ita fa?"

Kun ji magana? Wallahi ni duk sanda na tuna ta sai jikina ya yi sanyi.

Kwana uku yana yawo a keke, har garin gaba, ana masa dariya. Da ya samu mai kauri, garau, bai yi gaggawa ba. Ya zauna ya goge bakin gilashin a kan dutse, don kada kaifi ya yanki fim ɗin da ba shi da na biyu. Sannan ya shiga ɗakin duhu ya yi bisimilla.

Goggo ta kai hoton har bakin hancinta. Ta ƙura masa ido. Can ta fashe da kuka, ta ce, "Isuhu! Ga wushiryarsa nan! Ashe dariya yake yi!"

Wata bai cika ba idonta ya rufe ruf.

Jama'a, amana ita ce ka kyautata aiki ga wanda ba zai iya kama ka ba. Kai tela mai ɗinka wa makaho riga, kai makanike da ka san mai motar bai san ciki ba, ke mai auna wa yaro hatsi, da ku nake. In mai kayan bai gani ba, Ubangijinsa ya gani. Allah ya sa mu gyara.