Ranar da Gizo Ya Zama Ungozoma

"Ku matso kusa, 'yan jikokina, ga ta nan ga ta nanku!"

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Wata Raƙumar Dawa ce ta yi cikin fari. Ranar da naƙuda ta kama ta, garkensu ya yi nisa wajen kiwo, ba kowa tare da ita sai tsohuwar Carki, tsuntsuwar da ke cire mata kaska a wuya. Tsoro ya cika ta, don ba ta taɓa ganin yadda ake haihuwa ba.

Kwatsam sai ga Gizo, ya ɗaura zanen matarsa Ƙoƙi, ya kafa ɗankwali. Ashe munafukin sun ƙulla da Kura: in uwa ta durƙusa ba ta iya harbi, sai Kura ta sure jariri su raba. Kurar tana laɓe bayan sabara tana haɗiyar yawu.

Gizo ya ce da tsamin bakinsa, "Shannu 'yay nan! Ni she ungozoma. Matan gayinmu duk a duyƙushe shuke haihuwa. Duyƙusha!"

Raƙuma ta fara lanƙwasa gwiwa. Carki ta ce, "Ke! Tun yaushe kika zama matar gari?" Raƙuma ta miƙe.

Naƙuda ta ƙara murɗawa. Gizo ya ce, "Dubi nishan ƙasha! In ɗan nan ya faɗo, ai ya kayye!" Raƙuma ta leƙa ƙasa, ta ga nisa. Ta sake lanƙwasawa.

Carki ta ce, "Tashi, 'yata! A tsaye uwarki ta haife ki, ina kan wuyanta ranar. Faɗuwar nan ce ta tsinke miki cibiya, ita ta buɗe miki numfashi."

Gizo ya ga nama zai kuɓuce, ya ruga ƙarƙashinta yana jan ƙafa. "Duyƙusha na she!" Ita kuwa ta ɗaga wuya sama don zafi, sai ta hango kunnuwa biyu suna motsi bayan sabara. Nan ta gane. Ta kafe ƙafafunta kamar turaku.

Tim! Jariri ya faɗo, a kan wa? A kan ungozoma! Gizo ya baje yana "Wayyo ƙuguna!"

Amma jariri bai motsa ba. Hankalin uwa ya tashi. Ta lashe shi da dogon harshenta, ta zungure shi, sai ya yi atishawa. Ya yunƙura, ya faɗi. Ya sake, ya faɗi. Kura ta fito a guje, baki buɗe. Jariri ya yunƙura na uku, ya tsaya cak, ya shige tsakanin ƙafafun uwarsa!

Raƙuma ta juya, ta sakar wa Kura harbi ɗaya, fau! Ƙugun Kura ya saɓule. Har yau ku duba kura, baya a zube take tafiya. Gizo kuwa ya ja ciki ya shige rami, ya bar zanen Ƙoƙi a fili.

To kun ji, yara. Kowace halitta da hanyar da Allah ya tsara mata, kada daɗin bakin baƙo ya raba ku da ta gidanku. Ƙurunƙus kan ɗan kusu, mai jin barci ya nemi tabarma!