Barewa da Fiton Kada

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji.

Ta zo mu ji ta, mu kwana da ita.

Wata Barewa ce aure ya kai ta ƙetaren kogi, ta bar uwarta a tsohon gari. Da rani ta zo, ruwa iya idon sawu. Damina na sauka kogin ya cika ya batse, har ya zama gari biyu sai dai hange. Kullum da la'asar takan je bakin ruwa ta tsaya, tana kallon hayaƙin da ke tashi daga can, tana cewa a ranta ko wannan na murhun Inna ne. In iska ta juyo takan ɗaga hanci ko za ta ji ƙamshin gida. Ciyawa ta daina yi mata daɗi.

To, a wannan kogin Kada ne ke fito, yana ɗaukar dabbobi a gadon bayansa. Mai kira masa fasinja kuwa Gizo ne, kuma kun san Gizo ba ya aikin lada. Da ya ga Barewa tana zubar da hawaye sai ya matso, ya ce shi tausayi ne ke kashe shi, ta hau Kada kawai, kafin ta ƙifta ido tana gaban tsohuwa. Barewa ta ce ita fa tana jin tsoron haƙoran nan.

Gizo ya ce, "Haba 'yar'uwa, kada ki yarda da maganata. Zo ki tambayi waɗanda suka hau."

Ya kai ta wurin Kunkuru. Kunkuru ya ce ya je ya dawo, ko ƙwarzane babu. Ya kai ta wurin Bushiya, ta ce ita Kada har gaishe ta yake yi da ladabi. Ya kai ta wurin Tunku, wanda warinsa ke riga shi isa wuri, ya ce shi Kada sauri ma yake yi ya sauke shi. Gizo ya buga ƙirji ya ce ga shi nan, duk wanda aka tambaya lafiya ya sauka.

Barewa har ta sa ƙafa ɗaya a ruwa. Sai ta dubi jikinta, ga shi sumul, babu ƙoƙo, babu ƙaya, babu wari. Ta ce, "Malam Gizo, ina masu nama irin nawa? Ina Tunkiya da ta hau kwanan baya?"

Gizo ya yi tari, ya ce ai daɗin can ne ya riƙe Tunkiya, shi ya sa ba ta dawo ba.

Barewa ta janye ƙafarta. Ta hau wani tudu inda ake ganin kogin gaɓa da gaɓa, ta ce ba za ta ƙara tambayar wanda ya sauka ba, za ta zuba ido tun daga hawa. Ranar farko masu taushin nama suka hau, duka suka sauka lafiya. Zuciyarta ta ce tashi ki tafi, ga hayaƙin Inna can. Ta danne ta, don mai yiwuwa ranar Kada a ƙoshe yake, kuma yini ɗaya ba ya faɗin halin kogi.

Ta ci gaba da kallo har wata ya mutu wani ya tsaya. Abin da ta gani shi ne, masu ƙoƙo da masu ƙaya kullum suna isa. Masu jiki irin nata kuwa, in biyu sun hau, sau da yawa ɗaya ce ke taka wancan gefen, ɗayar sai dai a ga ruwa ya yi zobe a tsakiya. Da yamma kuma a ga Gizo yana sakace.

Ba a ce duk mai hawa na mutuwa ba, kuma wannan ne ya fi ci mata rai. Kullum sai ta ga wata ta sauka lafiya ta ruga gida, ta ce da ni ce fa? Sai ta tuna wadda ba ta sauka ba. Haka ta zauna, tana ramewa, har kaka ta wuce, ruwa ya ja baya, yashi ya fito.

Ranar da ta taka da ƙafarta ta ƙetare, kunya ta cika ta, tana ta shirya haƙurin da za ta ba uwarta na daɗewa. Sai ga tsohuwa zaune a gindin wata kanya a bakin gaɓa, wurin har ya yi rami saboda zama. Barewa ta durƙusa ta fara ba da haƙuri. Tsohuwa ta rufe mata baki.

Ta ce, "Yi shiru, 'yar nan. Tun farkon damina nake nan wurin. Duk sanda Kada ya taso, roƙona ɗaya ne, Allah kada in ga ke ce a bayansa."

To kun ji. In za ku auna haɗarin abu, kada ku tsaya ga bakin waɗanda suka tsira, ku nemi labarin waɗanda ba su dawo ba. Ku duba ko shaidun irinku ne, kuma kada kallon yini ɗaya ya yanke muku hukunci.

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa tukunya, wanda bai yi barci ba ya tsamo shi.